Farashin tiyar hatsi daga gona yake farawa



Kowace shekara idan bazara ta kama, rumbuna suka fara ƙara, maganar da ake yi a babbar kasuwar Maradi ita ce ake yi a kasuwar Dole ta Damagaram, ita ce kuma ake yi a Tawa da Katako ta Yamai: nawa tiyar hatsi ta kai yau? Mai fura ta rage girman dunƙule, mai tuwo ta rage malmala, mai awo yana jin zagi daga mutanen da jiya suke gaishe shi da girmamawa. Idan aka tambayi dalili, wani ya ce ruwa ne bai yi ba, wani ya ce manyan ƴan kasuwa ne suka ɓoye kaya, wani ya ce canjin naira ne, wani ya ce kan iyaka ne. Duk waɗannan suna da nasu rabo a cikin maganar. To amma akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa a rumfar kasuwa ba, alhali shi ne gindin sauran, wato ƙasar da hatsin yake fitowa daga cikinta. Manomanmu suna da kalma guda da suke faɗa a kanta: ƙasa ta gaji. A yau muna so mu duba abin da ya gajiyar da ita, da abin da aka gwada ya farfaɗo da ita, da kuma inda hannun ɗan kasuwa yake a cikin lamarin.

Irin ƙasar da muke nomawa

Manomin jahar Maradi ya raba ƙasa kashi uku tun kafin malaman gona su zo. Akwai jigawa, mai yashi, mai sauƙin noma, wadda hatsi ya fi so. Akwai geza, mai ɗan tauri, wadda take riƙe abinci amma ruwa yake wuyar shiga cikinta. Akwai kuma fadama, mai laka, ta dawa da masara da kayan lambu. Mafi yawan hatsin da muke saye da sayarwa daga jigawa yake fitowa.

Binciken da aka yi shekara da shekaru a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, da na hukumar binciken noma ta ƙasa INRAN, ya nuna cewa irin wannan jigawa yashinta yakan kai kashi 90 cikin 100 ko ya fi, ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kuma abin da ta fi rashi shi ne sinadarin fosfat, wanda yake sa saiwa ta yi ƙarfi tun shuka tana ƙarama, sai azot wanda yake sa ganye ya yi kore. Ke nan tun asali ƙasarmu ba mai babban jari ba ce. Kamar ƴar tireda ce wadda take da ƙaramin jari: muddin tana mayar da uwar kuɗi tana cin riba, za ta daɗe tana sana'a, ranar da ta fara cin uwar kuɗi, kwanakinta a kasuwa ƙirgaggu ne.

Kowane damin hatsi da aka ɗauke daga gona, da abincin ƙasa a cikinsa aka tafi. Wani yana cikin ƙwayar, wani yana cikin kara da ganye. Idan an ɗauke ba a mayar ba, shekara goma, shekara ashirin, ai lissafin a fili yake. Shi ya sa a ƙasar nan hekta guda ta hatsi, idan an haɗa mai kyau da marar kyau, takan tsaya wajen kilo 400 zuwa 500, wato buhu huɗu ko biyar, alhali irin hatsin da muke da shi yana iya ba da ninki biyu ko uku idan ya sami ƙasa mai rai.

Yadda iyaye suka riƙa mayar da uwar kuɗi

Kakanninmu ba su san sunan fosfat ba, amma suna da hanyoyi uku na biyan ƙasa hakkinta. Na farko, saura: a noma gona ƴan shekaru, a bar ta ta huta, sabara da kalgo da ciyawa su rufe ta, a koma wani wuri. Na biyu, Fulani da Buzaye: bayan girbi makiyayi yakan sauka a gona da dabbobinsa, su ci kara su bar taki, mai gona ya ba shi hatsi ko ruwan rijiya, kowa ya amfana. Na uku, itatuwa, musamman gawo. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa. Ganyen da ya zubar ya zama taki, ƴaƴansa abincin awaki da tumaki ne da rani, dabbobin da suka zo inuwarsa kuma su bar nasu takin. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gona da damina ya ga yadda hatsin gindin gawo yake fin na nesa tsawo da kauri. Ba banza ba tarihin Damagaram yake ba da labarin tsananin horon da Sarki Tanimu ya sa a ƙarni na 19 ga wanda ya sare gawo.

Waɗannan hanyoyi uku duk sun raunana a cikin shekaru sittin da suka wuce, kuma kowace da dalilinta.

Saura ta ƙare saboda yawan jama'a. Lokacin da ƙasar nan ta sami mulkin kai a 1960, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Ƙidayar 2012 ta sami sama da miliyan 17, kuma jahohin Damagaram da Maradi da Tawa kaɗai sun haura miliyan 10 a wannan ƙidaya. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, ƴaƴa biyar sun raba, jikoki sun sake rabawa. A kudancin Maradi, wajen Madarunfa da Gidan Rumji da Agye, da kuma wajen Magarya da Matamai, wanda yake da hekta guda ko biyu da iyali goma ba zai iya cewa bana gona ta huta ba. Har burtali da makiyaya an shigar da su cikin gona a wurare da yawa, abin da ya jawo rigingimun manoma da makiyaya da muke gani, ya kuma rage saukar dabbobi a gonaki.

Itatuwa kuwa, abubuwa uku suka taru a kansu. A zamanin gujiya, tun mulkin Faransa har shekarun farko na mulkin kai lokacin da kamfanin SONARA yake sayen gujiya, an koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture domin garmar shanu ta wuce. Sannan dokar gandun daji, ta Turawa da wadda aka yi a 1974, ta sa itace ya zama na hukuma ko da a gonarka ya tsiro. Manomi ya ga cewa idan ya bar itace ya girma, gobe idan ya sare reshe za a ci shi tara, sai ya gwammace ya kashe shi tun yana tsiro. Daga baya farin 1973 da na 1984, wanda mutanenmu suke kira El Buhari, suka zo suka ƙarasa: mutane suka sare abin da ya rage suka sayar da icce domin su sayi abinci.

Kasuwar kara da harawa

Akwai wani sauyi da ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen gari. A da, bayan an yanke kan hatsi, kara yakan kwana a gona har damina. Yau kara kaya ne. Da an gama girbi za ka ga amalanke bayan amalanke suna shigowa gari da kara da harawar wake da ta gujiya, domin masu kiwon ragunan Layya, da masu shanun madara, da masu darni, da masu girki. Manomi bai yi laifi ba da ya sayar, domin wani lokaci kuɗin harawa yakan kusa kamo kuɗin waken kansa, kuma idan bai kwashe ba wani zai kwashe masa da dare.

Amma mu duba abin da gona take rasawa. Karan da ya kwanta a ƙasa yana tare iska. Ƙurar hunturu da muke ƙorafi a kanta tana ɗauke da abincin ƙasa, kuma kara da ƙananan itatuwa ne suke tare ta ta zauna a gona. Gara tana cin karan, tana huda ƙasa, ruwa yana samun hanyar shiga. Idan aka kwashe komai, gona takan zauna tsirara wata bakwai ko takwas. Iskar da take gaban ruwan farko, mai ƙarfi, sai ta kwashe saman ƙasar, wanda nan ne ɗan abincin yake, ta kuma binne ƙaramar shuka da yashi ko ta ƙone ta. Shi ya sa ake yin shuka sau biyu, sau uku a damina guda. Duk tiyar iri da aka sake zubawa, tiya ce da ba ta shiga tukunya ba, kuma shukar da ta makara ita ce ruwa yake yanke wa a watan Satumba.

A gwaje-gwajen Sadore an ga cewa barin kara a gona, wajen tan 2 a hekta, yana ƙara amfani sosai, kuma wurin da aka haɗa kara da takin zamani ya fi wurin da aka sa ɗaya kaɗai. An kuma ga wani abu da ya kamata masu sayar da taki su sani: idan aka dinga zuba takin zamani mai azot shi kaɗai shekara da shekaru a jigawa, babu kara babu takin dabba, ƙasar takan yi tsami, amfanin ya dinga raguwa. Ƙuduji ma, wannan mai jan fure da yake shan jinin hatsi da dawa, ya fi yawa a gonar da ta gaji wadda ake maimaita mata iri ɗaya kowace shekara.

A ƙasar Adar matsalar ta ɗauki wani salo. Can ƙasa mai tauri ce da duwatsu. Da itatuwa suka tafi, sai saman ƙasa ya daskare ya zama fako, ruwa ya sauka ya gudu bai shiga ba, ya taru ya yanka kwazazzabai, ya zube yashi a fadamun da ake noman albasa. Ambaliyar 2024, wadda ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ta yi ɓarna mai yawa a Maradi da Damagaram da Tawa, ta tuna mana cewa ruwa mai yawa ma ba ya amfanar ƙasar da ba ta iya shan sa.

Abin da aka gwada ya yi

Duk da wannan, ƙasarmu tana cikin wuraren da duniya take zuwa koyon gyaran ƙasa, kuma manoma ne suka yi aikin da hannunsu.

Na farko shi ne sassaben zamani. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da yake aiki a jahar Maradi, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma suke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta bukatar kuɗi: maimakon a sare duka, a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a rage sauran, a kare su. Da yake saiwar tsohuwa ce, cikin shekara uku ko huɗu itace ya tashi. A lokacin yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon abinci, mutane da yawa suka yi don dole, wasu suka sare bayan an daina rabon, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Bayan shekara ashirin, masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jahohin Maradi da Damagaram. A yankin Magarya da Matamai da Mirya gawo ne ya fi yawa. Wani ƙiyasi da aka yi a 2009 ya ce wannan yana ƙara wa ƙasar nan wajen tan 500.000 na hatsi a shekara. A garin Dan Saga na yankin Agye mutane sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a ciki, domin wanda ya raini itace ya tabbata shi zai ci amfaninsa. Hukuma ma ta bi baya: dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, sannan a watan Yuli na 2020 aka sa hannu a kan dokar da ta amince cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa yana da hakki a kansa.

Na biyu shi ne tassa da rabin wata a ƙasar Adar. A 1989 wani shiri na hukumar FIDA ya kai wasu manoman yankin Illela ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, inda suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako, irin aikin da marigayi Yakuba Sawadogo ya yi suna da shi. Da suka dawo suka gwada. Ana haƙa rami da rani, faɗinsa kamar taƙi guda ko fiye, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse, a shuka a ciki. A shekarar 1990 da ruwa ya yi ƙaranci, masu tassa suka girbe, maƙwabtansu suka tashi hannu banza, daga nan dabarar ta bazu. Abin da zai ba ɗan kasuwa sha'awa shi ne, fakon da a da ko kyauta ba a karɓa, ya zama abin saye da sayarwa a wajen Badagishiri da Illela, kuɗinsa ya tashi, har aka sami samari masu sana'ar haƙa tassa. A Kaita, babban shirin da Italiya ta ɗauki nauyi tun 1984 ya gyara dubban hektoci da jerin duwatsu da madatsai, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin ɗaukar dutsen. A kwarin Majiya an fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska tun 1975.

Na uku shi ne sa takin zamani kaɗan-kaɗan a ramin shuka. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2006 cewa za a kai kilo 50 na taki a kowace hekta, amma ƙasarmu tana cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin amfani da shi a duniya, kuma tsadar da ta biyo bayan yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ta ƙara nisanta shi da talaka. Dabarar da masu binciken Sadore suka fitar ita ce, maimakon a watsa buhu uku ko huɗu a hekta, a sa giram 6 na 15-15-15, wato cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku suke ɗauka, a kowane rami. Idan hekta tana da rami 10.000, ana bukatar kilo 60 na na farko ko kilo 20 na na biyu. Wannan kuɗi ne da mai ƙaramin ƙarfi zai iya nema.

Sai dai kada mu ɗauka an gama. Itace ba ya ƙirƙiro fosfat da yawa, tattaro shi yake yi daga ƙasa mai zurfi. Tassa aiki ne mai wuya a lokacin zafi, ba ta yi sai da taki, kuma ba ta dace da jigawa ba domin yashi yakan cike ramin. Taki kaɗan-kaɗan yana ƙara amfani, amma idan aka kwashe ƙwaya da kara duka, shukar da ta yi ƙarfi ta fi ɗibar abincin ƙasa fiye da wanda aka sa mata. Wake yana ƙara wa ƙasa azot ta saiwarsa, amma idan aka tumɓuke shi har saiwa aka sayar, kaɗan yake bari. Babu ɗaya daga cikinsu da yake isa shi kaɗai. Inda aka ga canji mai ɗorewa, haɗa su aka yi: itace, da takin dabba, da kara, da wake tsakanin hatsi, da ɗan takin zamani.

Inda hannunmu yake

Wani zai ce, mu da muke rumfa, ina ruwanmu da tassa? Ruwanmu yana wurare huɗu.

Na farko, lokacin saye. Manomi yakan sayar da kaka, lokacin da kaya suka fi araha, domin biyan bashi da haraji da biki, ya dawo da bazara ya sayi hatsin nan da tsada. Wanda ya ci bashi da damina a kan zai biya da dami a kaka, tun kafin ya girbe ya san rabin gonarsa ba tasa ba ce. Irin wannan manomi, idan lokacin shuka ya zo, ba shi da kuɗin taki, ba shi ma a gida domin ya tafi ci-rani ko yana ƙodago a gonar wani. Tun wajen 1999 aka fara gwada tsarin ajiya da lamuni a ƙasar nan da taimakon hukumar FAO: ƙungiyar manoma ta ajiye hatsi a sito mai makulli biyu, asusun lamuni ya ba su kuɗi a kansa, su yi sana'ar rani, su fanshi kayansu lokacin da farashi ya tashi. Wasu ƴan kasuwa suna ganin wannan kishiya ce. Mu a ganinmu, ɗan kasuwar da ya matse manomi har ya kasa ciyar da gonarsa, rijiyar da yake sha ce yake cikewa. A 2005, lokacin da buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, masu kaya a sito sun sami riba, amma mai fura da mai tuwo da mai awo da tiya sun rasa masu saye, da yawa jarinsu ya karye. Kuma idan kaya suka yi ƙaranci hukuma takan sa hannu, kamar yadda aka hana fitar da hatsi waje a watan Oktoba na 2024 in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, abin da ya taɓa duk mai kai kaya Jibiya ko Dawanau.

Na biyu, abin da muke sayarwa. Ana auna takin zamani da tiya a kasuwanninmu, daga buhun da ba a san inda ya fito ba, wani an gauraya shi, wani ya sha rana da damshi har ƙarfinsa ya tafi. Manomin da ya sayar da akuya ya sayi irin wannan bai ga komai ba, ba zai sake saye ba, kuma zai gaya wa garinsu duka cewa takin zamani ƙarya ne. Mai sayar da taki na gaskiya, a ƙananan ƙulli na kilo ɗaya ko biyu, wanda zai iya gaya wa mai saye bambancin ure da 15-15-15 da lokacin sa kowanne, yana gina kasuwar da za ta ciyar da ƴaƴansa.

Na uku, gonakin da muke riƙe. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a kewayen Maradi da sauran manyan garuruwa, gonaki da yawa sun koma hannun ƴan kasuwa da ma'aikata ta hanyar saye ko jingina. Wanda yake noma gonar aro ko ta jingina ba ya zuba mata taki, ba ya rainon itace, domin bai san ko baɗi tana hannunsa ba. Wani lokaci ma da ya gyara ta mai ita zai ce yana son abinsa. Haka matan karkara: gamanar da ake ba mace sau da yawa ita ce gefen da ya fi gajiya, kuma a wuraren da ƙasa ta yi ƙaranci an daina ba su ma. Alhaji mai gona goma, idan zai ba da aro, ya ba da na shekara biyar a gaban shaidu ko a rubuce wajen hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, ya ce itacen da aka raina a raba amfaninsa. Zai karɓi gonarsa ta fi yadda ya ba da ita.

Na huɗu, takin da yake cikin gari. Kara da harawa suna shigowa birni, amma takin ragunan da suka ci su yana ƙarewa a kwata da bola. Amalanken da ya kawo harawa bai kamata ya koma wofi ba. A wasu wurare an riga an fara sayar da takin gida da na juji, sai dai leda ta ɓata shi: tana hana ruwa shiga ƙasa, tana kashe dabbar da ta haɗiye ta. An yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tun 2014, amma kowa ya san yadda kasuwanninmu suke. Ƙungiyoyin mata, irin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maradi a 1991, suna da asusu da tsari da za su iya shiga wannan sana'a: tara taki, tace leda, sayarwa da buhu kafin damina. Hajiyar da take kiwon jar akuya biyar a bayan ɗaki tana da kayan sayarwa da ba ta lissafa ba.

Abin da muke jira daga hukuma

Akwai abin da ya fi ƙarfin manomi da ɗan kasuwa. Dokar 2020 tana bukatar a karanta ta da Hausa a rediyon karkara har kowane manomi da kowane jami'in gandun daji ya san abin da ta ce, domin tsoron tara bai gama fita daga zukatan mutane ba. Ana bukatar a riƙa binciken ingancin takin da yake shigowa. Ƙasar Tawa tana da dutsen fosfat, wanda bincike ya nuna yana amfanar gona idan an niƙa shi, amma har yanzu bai zama kayan da manomi yake samu cikin sauƙi a kasuwar ƙauye ba. Burtali da mashaya suna bukatar kariya domin dabba ta dawo gona da rani cikin lumana. Ƙasar nan ta yi alkawari a 2015 cewa za ta gyara hekta miliyan 3,2 kafin 2030. Jama'a suna da hakkin a riƙa gaya musu, jaha bayan jaha, nawa aka gyara kuma nawa ya rayu bayan masu shirin sun tafi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Takin da zai yi aiki da damina, da rani ake kai shi. Itacen da zai tare iskar baɗi, a sassaben bana ake barin sa. Saboda haka idan manomin da kuke sayen kaya a hannunsa ya zo rumfa a wannan kaka, bayan an gama ciniki, ku tambaye shi gawo nawa ne a gonarsa, kuma ina yake kai karansa. Amsar da zai ba ku za ta nuna muku buhu nawa zai kawo muku nan da shekara biyar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa kasuwa albarka, amin.